Wa Ake Tambaya Kafin a Ware Filin Wasa? Daga Dandalin Batsari Zuwa Filin Zamiya

Idan ka sami dattijo a Batsari, ko Ruma, ko Wagini, ko Runka ta ƙasar Safana, ka tambaye shi inda ya koyi langa da kokawa, zai kai ka wani wuri a tsakiyar gari ko bakin kasuwa ya ce nan ne dandalinsu. Sau da yawa abin da za ka tarar a wurin yau shago ne, ko gida, ko garejin babura. Babu takardar da ta ce an soke dandalin. A hankali aka ci shi, gefe-gefe, har ya ƙare.

A ɗaya hannun kuma, wanda ke shiga Kano ko Kaduna ya saba ganin samari a kan takalmin taya suna tsere a titin kwalta, wani lokaci har su kama bayan mota ko Keke Napep tana jan su. Matasa na kiran abin siketin, mu kuma a nan za mu kira shi wasan zamiya. A ƙasashe da dama, ƙananan hukumomi kan gina wa masu wannan wasa fili na musamman da siminti, kuma kafin a zuba buhu ɗaya sai an kira taron jin ra'ayin jama'a.

To, a ce gobe wani ya kawo shawarar a gina wa matasan Batsari irin wannan fili, ko ma filin ƙwallo kawai. Wa zai yanke hukuncin inda za a yi shi? Wa za a tambaya, kuma amsarsa za ta canza wani abu? Tambayoyin nan suna da tarihi mai tsawo a ƙasar Katsina, kuma shi za mu bi a wannan rubutu.

Dandali da masu shi

A tsohon tsarin ƙauyen Hausa, dandali fili ne da kowa ya san na yara da matasa ne, musamman da dare lokacin farin wata da kuma bayan an kawar da amfanin gona. 'Yan mata na yin gaɗa, samari na langa da kokawa, makaɗan kalangu na zuwa, masu tallan gyaɗa da rake da ƙosai na samun ciniki. Lokacin kaka ake kalankuwa, a gayyato 'yan dambe da 'yan kokawa daga wasu garuruwa. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954 daga bakin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau, ya adana bayani mai yawa kan irin wannan rayuwa ta 'yan mata da samari kafin zuwan Turawa da bayan zuwansu.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda ake tafiyar da wurin. Matasa na da shugabanninsu, wato sarkin samari da takwararsa ta 'yan mata, kuma su ke tsara wasa, su tara kuɗin makaɗa, su raba faɗa. In an yi gayya, su ke tara hannu. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da birnin Katsina ta fitar da littafinta Rural Hausa a 1972, ta rubuta yadda aikin gayya yake a wannan yanki. Sama da sarkin samari akwai mai unguwa, sai dagaci, sai hakimi. A Batsari hakimin shi ne Sarkin Ruma, a Safana kuma Yariman Katsina.

Kada mu ƙawata abin fiye da kima. Ba a kaɗa ƙuri'a, kuma matan aure da ke cikin kulle ba su da bakin magana a fili, haka talaka bai cika ja da dagaci ba. Amma akwai abubuwa biyu da tsarin ya tanada. Masu amfani da filin su ke gudanar da shi kullum. Sannan wanda ke da ikon bayar da filin yana zaune cikin garin, in ya yi ba daidai ba zai ji a masallaci da kasuwa. Masaniyar nan Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta nuna a littafinta na 1990 cewa dukiyar da jama'a suka yi tarayya a kanta, irin su makiyaya da ruwan noman rani, ta fi daɗewa in masu amfani da ita na da hannu wajen kafa dokokinta da canza su. Dandali na cikin irin wannan dukiya.

Lokacin da taswira ta shigo

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903. A 1910 suka yi dokar da ta sanya filayen Arewa ƙarƙashin kulawar Gwamna, a madadin jama'a kamar yadda dokar ta ce. A 1917 aka yi dokar tsara garuruwa ta zamanin Lugga, wadda ta raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Tsarin ya nemi a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin ɓangarorin biyu ba tare da gini ba, wai don kada sauro ya kai wa Turawa zazzaɓi. Irin waɗannan filaye ne aka riƙa mayarwa wuraren sukuwa da holo da ƙwallon gora. Wato filayen wasa na farko da suka hau taswirar gwamnati a Arewa an zana su ne don jin daɗin masu mulki, kuma babu wanda ya tambayi mutanen gari.

Sai dai wasu wasannin baƙi sun kama ƙasa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya rungumi wasan holo, ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1981, ya zama cikin fitattun 'yan holo na ƙasar nan. Holo wasan masu dawaki ne, saboda haka ya tsaya a hannun sarakuna da attajirai.

Misalin da ya fi kusa da maganarmu shi ne wasan ƙwallon bango da ake kira Fives. Wasa ne na makarantar Eton ta Ingila, inda mutum huɗu, biyu-biyu, ke buga ƙwallo da tafin hannu a cikin ɗaki mai bango uku. Wani malami Bature mai suna Hogben ne ake danganta wa kawo shi Arewa a shekarun 1920, zamanin da Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a hukumance a 1922, ke horar da malamai. Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a kwalejin, ya riƙe wasan har ƙarshen rayuwarsa, kuma har yau ana gasar kofin Sardauna. 'Yan Arewa sun sauya ƙwallon Turawa da ƙwallon tanis, wadda ake samu a kowace kasuwa.

Ku duba fa: wasa ne baƙo, yana buƙatar gini na musamman, kamar dai filin zamiya, amma yau kusan shekara 100 ana yin sa a Katsina. Dalilin a bayyane yake. Kayan wasan ba su da tsada, an sami manyan gari da suka tsaya masa, kuma 'yan wasan sun canza shi ya dace da aljihunsu. Duk mai cewa wasan waje ba zai zauna a ƙasar Hausa ba, sai ya je ya kalli gasar Fives.

Darasin Runka

Mutanen Batsari da Safana ba sai an kai su nesa ba kafin su ga abin da ke faruwa in an tsara fili daga sama. A shekarun 1960 gwamnatin Jihar Arewa, da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta ɗauki dajin Ruma da Kukar Jangarai ta mayar da shi makiyayar gwaji. Dokar makiyaya ta Arewa ta fito a 1965. An haƙa madatsun ruwa, an kawo malaman dabbobi, an zana taswirar kiwo ta karɓa-karɓa, wato a yi kiwo a wannan yanki bana, a bar shi ya huta baɗi.

A takarda tsarin ya yi kyau, kuma kimiyyar da ke bayansa ba ƙarya ba ce: ciyawa na buƙatar hutu kafin ta farfaɗo. Amma makiyayi na da nasa lissafin, na ruwa da cuta da kasuwa da dangi, wanda ke sa shi tashi ko zama. Masu binciken da suka bibiyi makiyayun Najeriya daga baya sun yi ta nuna cewa an tsara su ne ba tare da an ba makiyaya da manoman gefen daji cikakken hannu a ciki ba, kuma da tallafin waje ya janye sai kayan aikin suka fara lalacewa. Ba muna cewa wannan ne ya haifar da ta'addancin dajin Rugu ba, don wannan matsala tana da sassa da yawa. Abin da muke ɗauka daga Runka shi ne, abin da aka gina wa mutane ba tare da su ba, ranar da mai ginin ya tafi babu wanda zai ji nauyin gyara shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da doka ta ce

A 1946 aka yi dokar tsara birane da karkara, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1932. A 1976 aka yi garambawul ga ƙananan hukumomi, ikon gudanarwa ya bar hannun En'e ya koma hannun majalisun ƙananan hukumomi. A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta fitar da dokar amfani da ƙasa, wadda ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallaka a yankunan da ba birni ba. Jihar Katsina kanta an ƙirƙiro ta a ranar 23 ga Satumba 1987. A 1992 aka yi sabuwar dokar tsara birane da yankuna, doka ta 88, wadda ta tanadi a baje daftarin tsari jama'a su gani su kawo ƙorafi. Kundin tsarin mulki na 1999 kuma, a jadawalinsa na 4, ya lissafa wuraren shaƙatawa da lambuna da buɗaɗɗun filaye cikin ayyukan ƙaramar hukuma.

To ina dandali ya faɗa a duk wannan? Babu inda ya faɗa, don ba shi da takarda. Makaranta na da takarda, asibiti na da ita, makabarta da filin Idi kowa na jin tsoron taɓa su. Dandali kuwa al'ada ce kawai ke tsare shi. Da garuruwa suka cika, fuloti ya yi daraja, sai ya zama filin da ya fi sauƙin yankawa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Batsari mutum sama da 200,000, kuma kowa ya san yawancinsu yara ne da matasa.

Akwai wasu dalilan. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 da yaɗuwar makarantun Islamiyya na dare sun canza yadda yara ke kashe lokacinsu. Wa'azin malamai ya yi tsanani kan cakuɗuwar maza da mata a dandali, iyaye da yawa suka hana 'ya'yansu fita. Sai bidiyo, sai gidajen kallon ƙwallo, sai wayar hannu. Daga ƙarshe rashin tsaro ya zo ya rufe dare gaba ɗaya. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A watan Disamba na shekarar aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana. Yaron da aka haifa a 2012 a waɗannan ƙauyuka ya girma bai san wasan farin wata ba.

Yadda masu zamiya suka sami filayensu

Yanzu bari mu leƙa waje. Wasan zamiya kan katako mai taya ya taso ne a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1950, a hannun samarin da ke hawa igiyar ruwan teku, waɗanda ke neman abin yi ranar da teku ya kwanta. Tayoyin farko na ƙarfe ne ko na wani busasshen yumɓu, ƙaramar tsakuwa kan kayar da mutum. A farkon shekarun 1970 Frank Nasworthy ya fito da tayar roba mai ƙarfi da ake kira foliyuritan, wadda ke kama ƙasa. A tsakiyar shekarun kuma aka yi fari a Kalifoniya, mutane suka bar kwamin ninƙaya na gidajensu babu ruwa, samari suka gano cewa gangaren siminti na cikin kwamin ya fi titi daɗi. Daga nan siffar filin zamiya ta samo asali.

A 1976 aka buɗe fitaccen filin Carlsbad, kuma cikin 'yan shekaru 'yan kasuwa suka gina sama da 100 a faɗin Amurka. Zuwa farkon shekarun 1980 mafi yawansu an rufe su. Kuɗin inshora ya yi tsada, sannan da yawa 'yan kwangilar da ba su taɓa hawa katakon ba ne suka zana su, gangaren bai yi daidai ba, masu wasa suka koma titi.

Zagaye na biyu daga ƙasa ya taso. A 1990 wasu samari a birnin Portland suka fara zuba siminti da hannunsu a ƙarƙashin gadar Burnside, wurin da a da mashaya ke taruwa, ba tare da izini ba. Da maƙwabta suka ga wurin ya gyaru sai suka goyi bayansu, hukumar birnin ta ƙyale su. A Landan, a 2013, cibiyar Southbank ta so ta mayar da wurin da ake zamiya tun shekarun 1970 shaguna. Matasan suka kafa ƙungiya, suka tara dubban takardun ƙorafi suka kai wa hukumar tsara gari, a Satumbar 2014 aka sa hannu cewa wurin zai ci gaba da zama nasu. A 2021 wasan ya shiga gasar Olamfik a Tokyo, inda Momiji Nishiya, yarinya 'yar shekara 13 daga Japan, ta ci zinare.

Afirka ma na da nata labarin. A unguwar Kitintale ta Kampala, wajajen 2006, Jackson Mubiru da abokansa suka gina fili da bulo da siminti da hannunsu. A Addis Ababa, a 2016, matasan gari da 'yan sa-kai daga waje suka gina nasu. A Legas ƙungiyar WAFFLESNCREAM ta fara tara masu wasan tun 2012, kuma sun daɗe suna fakewa a harabar babban filin wasa na Surulere. Labarin da ya kamata mu riƙe shi ne na Accra. A Disambar 2021 ƙungiyar Surf Ghana ta buɗe filin Freedom, da tallafin manyan kamfanoni da na mai zanen tufafi Virgil Abloh, wanda ya rasu 'yan kwanaki kafin buɗewar. Fili ne mai kyau ƙwarai. A 2023 rikicin mallakar ƙasa ya taso, aka rufe shi. Kuɗi da ƙwarewa da goyon bayan matasa duk sun samu, takardar fili ce ta kayar da aikin.

Me ya sa sai siminti, kuma me ya sa ake faɗa a kai?

Tayar katakon zamiya ƙarama ce, faɗinta tsakanin milimita 50 zuwa 60. Ba ta tafiya a yashi ko jar ƙasa. A garuruwanmu kuma, wuri mai santsi da faɗi kusan ɗaya ne, titin kwalta, shi ya sa kuke ganin yara suna gogayya da motoci. Wanda ya gangaro daga tudu mai tsawon mita ɗaya da rabi zai iso ƙasa da gudun kusan kilomita 20 a awa ɗaya, don nauyinsa da tsawon tudun sun juye sun zama gudu. A fili na musamman wani tudun ne ke jiran sa ya shanye gudun. A titi kuwa mota ce.

Gina wurin na buƙatar a daka ƙasa sosai, a zuba kankare mai ƙarfe a ciki, a goge samansa ya yi sumul, a kuma karkatar da shi kaɗan don ruwan damina ya wuce. In ruwa ya kwanta, siminti zai fashe. A yanayi irin na Batsari sai an yi tunanin zafin Maris da Afrilu, lokacin da siminti ba ya takuwa da rana, da ƙurar hunturu da ke buƙatar shara kullum. Injiniya ya san kaurin kankare. Amma inda ruwa ke taruwa a watan Agusta, da hanyar da shanu ke bi ranar kasuwa, da gidan da ke da mara lafiya, da nisan da uwa za ta yarda ɗanta ya yi da yamma, waɗannan sai 'yan unguwa. Amfanin shawara na farko kenan, tana kawo bayanin da ba ya cikin taswira.

Shin shawara na aiki? Abin da bincike ya nuna

A 1969 wata Ba'amurkiya, Sherry Arnstein, ta kwatanta shigar jama'a cikin tsari da tsani mai matakai 8. A ƙasa akwai yaudara, inda ake tara mutane don a ɗauki hoto. A tsakiya akwai sanarwa da jin ra'ayi. A sama akwai haɗin gwiwa da miƙa iko. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne ta sanya jin ra'ayi cikin matakan jeka-na-yi-ka, matuƙar babu tabbacin cewa abin da aka faɗa zai canza hukunci. A 1992 Roger Hart ya yi irin wannan tsani don yara, bayan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta amince da haƙƙin yaro na yin wasa da na a saurare shi.

Daga baya masana tattalin arziki suka gwada abin a aikace. Benjamin Olken ya yi gwaji a ƙauyuka 49 na Indonesiya: a wasu wakilai ne suka zaɓi aikin da za a yi, a wasu kowa ya kaɗa ƙuri'a. Sakamakon da ya wallafa a 2010 ya nuna ayyukan da aka zaɓa ba su bambanta sosai ba, amma inda kowa ya kaɗa ƙuri'a mutane sun fi gamsuwa nesa ba kusa ba, sun kuma fi nuna niyyar ba da gudummawa. A Saliyo, binciken shirin GoBifo a ƙauyuka 236, wanda ya fito a 2012, ya gano an sami gine-gine masu kyau, amma yadda ake yanke hukunci a ƙauyen bai canza ba, mata da matasa ba su ƙara samun baki ba. A Indiya, Chattopadhyay da Duflo sun nuna a 2004 cewa inda mace ke shugabantar majalisar ƙauye an fi kashe kuɗi kan ruwan sha. A 2013 Mansuri da Rao na Bankin Duniya suka tattara ɗaruruwan irin waɗannan bincike, suka yi gargaɗin cewa masu hali da masu ilimi kan mamaye taron, musamman in daga waje aka ƙirƙiro shi.

Katsina ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Shirin CSDP na Bankin Duniya, wanda ya fara a 2009, ya sa al'ummomi su zaɓi aikinsu, su kafa kwamiti, su kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin, ko da ta hanyar yashi da ƙwadago. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ma ta kawo shirin raya al'umma da tarukan jin ra'ayi kan kasafin kuɗi a mazaɓu 361 na jihar. A irin waɗannan taruka abin da kan fito gaba shi ne rijiyar burtsatse da aji da asibiti da hanya, kuma babu mai hankalin da zai ce ba su ne gaba ba. Sai dai a lura da waɗanda ke zaune a kan tabarmar: magidanta ne. Ɗan shekara 14 ba ya ɗaga hannu a gaban dagaci, yarinya kuwa ba ta ma zo ba. Buƙatar da mai ita ba ya wurin ba za ta shiga jerin ba.

Abin da tarihin ke nuna wa Batsari

A 2025 an yi zaman sulhu a Jibiya da Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomi, wasu mutane sun fara komawa gonakinsu, kasuwanni sun fara ci. Ko sulhun zai ɗore, lokaci ne zai nuna. Amma duk lokacin da gari ke farfaɗowa ake sake rabon fili, kuma a irin wannan lokaci ne ake iya ware wa yara wuri, ko a rasa shi har abada.

In za a yi, tarihin da muka bi ya ba da tsari. A fara da takarda: a auna filin, ƙaramar hukuma ta rubuta shi da sunan al'umma, hakimi da dagaci su shaida, kada a maimaita abin da ya faru a Accra. A raba zaman shawara, na dattawa daban, na samari daban, na mata da 'yan mata a cikin gida ko makarantar Islamiyya, a hannun mata 'yan uwansu. A gayyato malamai tun farko a daidaita kan lokutan salla da karatu da maganar maza da mata, don abin da aka yarda da shi a gabansu ba ya zama abin wa'azi daga baya. A tuna da rugagen Fulani na kewaye, 'ya'yansu ma yaran yankin ne, kuma filin ƙwallo na cikin 'yan wuraren da ɗan manomi da ɗan makiyayi za su haɗu ba a kan gona ko saniya ba. In an tashi zaɓe tsakanin ƙwallo da kokawa da zamiya da Fives, a bar matasan su kaɗa ƙuri'a, sannan a dawo a faɗa musu abin da aka ɗauka daga maganarsu da abin da aka bari, da dalili.

Mai yiwuwa matasan Batsari su ce ba sa son filin zamiya, raga biyu da fitila mai aiki da hasken rana sun ishe su. Wannan ma amsa ce, kuma ta fi siminti arha. Hausawa na cewa shawara ɗaukar ɗaki, kuma kowa ya san ba a ɗaga jinka sai kowane gefe da mai riƙe da shi. Mai karatu, in akwai sauran dandali a garinku, ka bincika a ofishin filaye na ƙaramar hukuma ko yana da takarda. In ba shi da ita, ka kai maganar gaban mai unguwa tun kafin a kafa masa turaku.